Mai Gadin Kwamfutar Hajiya Rabi

Ba zan faɗi sunana ba. Ba don kaina nake ɓoyewa ba, nawa sunan ya riga ya ɓaci a inda zai ɓaci. Saboda mahaifina ne, wanda har gobe mutane ke zuwa ɗaukar karatu a zaurensa a Nassarawa. Sunayen sauran mutanen ma na sauya su. Abin da ya rage kuwa, a iya tunawata, haka ya faru. In na yi kuskure a wani wuri, ba da gangan ba ne.

Na taso yaro mai tsoro. Ban taɓa tsallake katangar makaranta ba, kuma har yau in na kulle ƙofa sai na koma na taɓa kwaɗon sau biyu. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne da ya ajiye aiki ba a taɓa kiransa gaban wani kwamiti ba, kuma bayan karatu babu abin da yake alfahari da shi kamar wannan. Na karanta ilmin kwamfuta a jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo gida na zauna ina rubuta takardun neman aiki. Ina faɗin wannan ne don 'yan'uwana matasa ku san ba sai mai taurin kai ne ke zama ɓarawo ba. Matsoraci ma yana zama. Sai dai shi a hankali yake yi, yana waiwaye, yana ce wa kansa ai wannan bai kai sata ba tukuna.

Da zaman ya ishe ni, sai na fara yawon gyaran kwamfuta a kamfanonin Kano. Yau ina Bompai, gobe Sharada, jibi Challawa, da 'yar jakata a baya. A nan na koyi leƙe. In an ba ni kwamfuta in gyara, sai in buɗe abin da ba a ce in buɗe ba: wasiƙun mutane, hotunansu, takardun ofis. Ba na yin komai da su. Daga baya na fara kwafar wasu a filashi, wai ko wata rana mai su zai ɓatar ya nema. Babu wanda ya taɓa nema. Ina jin daga nan abin ya fara, ko da yake a lokacin da wani ya kira ni ɓarawo, da na yi kwana uku ban ci abinci ba don baƙin ciki.

A ƙarshe wani kamfanin fata a Challawa ya ɗauke ni aikin kwana biyu a mako, Talata da Juma'a. Wanda bai saba ba, wari ne zai fara tarbarsa tun daga titi, sannan ƙarar manyan gangunan da ke juya fata cikin ruwan magani. Bayan wata guda na daina jin warin. In aka cire Alhaji mai kamfanin, mutum biyu ne ke riƙe da wurin, kuma su biyun nake so ku sani.

Na farko Malam Ilu, dattijo mutumin Jigawa, mai haɗa rini. Ya fi shekara talatin a kamfanin. Bai yi boko ba. Zai shafa fata, ya shinshina, ya ɗaga ta a rana, ya ce a ƙara kaza a rage kaza. Akwai wani ja mai duhu da yake fitarwa, tsakanin launin busasshen barkono da na dabino, wanda ma'aikata ke kira jan Ilu. Saboda wannan jan ne masu saye daga ƙasashen waje ke tsallake kamfanoni da yawa su zo namu.

Ta biyu Hajiya Rabi, wadda ta karanta ilmin haɗa sinadarai, ita ke riƙe da ɗakin gwaji. Aikinta ne ta auna abin da Malam Ilu ya zuba da ido, ta rubuta a kwamfuta. Kusan kowane mako awon yana sauyawa, don fatar rani daban da ta damina, ta akuya daban da ta tunkiya. Ban taɓa ganin mutum mai karanta komai kamarta ba. Takardar da ke cikin kwalin magani ma sai ta karanta ta har ƙasa. In ina mata gyara wani rubutu ya fito a fuskar kwamfutar, sai ta riƙe hannun kujerata ta ce, "Injiniya, kar ka danna tukuna, ban gama karantawa ba."

Kullum da safe sai Malam Ilu ya leƙo ɗakinta. "Hajiya, na'urarki ta yarda da ni yau?"

"Ta yarda, Malam, amma ta ce jiya hannunku ya yi nauyi da cokali guda."

"Ki gaya mata ita ba ta taɓa feɗe akuya ba."

Ni kuwa ɗan Malam yake kirana, don ya taɓa jin sunan mahaifina. Har goro yake ɓara mini, ko da yake na sha gaya masa ba na ci.

Nafi'u abokin karatuna ne a jami'a. Yana aiki a sashen ciniki na wani kamfanin fata a Sharada. Mun haɗu wata rana wajen cin abincin rana, ya dubi jakata ya yi dariya.

"Ustaz, har yanzu kana yawo da zabira kamar wanzami? Mu muna neman mai kwamfuta na dindindin. Ofis, kujera, katin shaida a wuya."

Ban san yadda zan bayyana muku abin da katin shaida a wuya yake nufi ga wanda ya yi shekara huɗu ana tambayarsa a wajen ɗaurin aure, "Yanzu ina kake?" ba. Abin da Nafi'u ya fara nema ƙarami ne: sunan wanda ke kawo wa kamfaninmu sinadari. Na ce wa kaina ai motar mutumin kowa na ganinta a bakin ƙofa, na faɗa masa. Bayan mako biyu ya nemi jan Ilu.

Na ce, "Nafi'u, ina jin wannan bai dace ba."

Ya ce, "Launi ne fa, Ustaz, ba dukiyar marayu ba. Allah ne Ya halicci ja, ba tsohon nan ba."

Na yi kwanaki ina juyawa. Ban yi istihara ba, don na san amsar.

Kwafa a filashi ba za ta yiwu ba. Hajiya ba ta barin kowa ya soka wa kwamfutarta filashi, kuma masu gadi na caje jakar kowane ma'aikaci lokacin fita. Ga shi awon kullum sauyawa yake, kwafi ɗaya ba zai wadatar ba. Sai na rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja da za ta riƙa tattara fayilolin awon tana tura su ta intanet zuwa wani adireshi da na buɗe, Nafi'u ya ɗauka daga can. Na sa mata suna irin na manhajar firinta. Ranar da aka sayo wa Hajiya sabuwar firinta aka ce in haɗa, na zuba tawa tare da ta gaskiyar. Tana tsaye a kaina, tana karanta duk abin da ya fito. Abin da bai fito ba ne ba ta karanta ba.

Saura lokacin da za ta riƙa aikawa. A nan na yi abin da na ɗauka wayo ne, kuma shi ne abin da na fi jin kunyarsa. Ranar Juma'a ƙarfe ɗaya ake kashe injuna, kowa ya yi alwala, a fita masallaci, ba a dawowa sai wajen biyu da rabi. Na saita ta ƙarfe ɗaya da rabi. Na ce a lokacin babu kowa da zai lura intanet ya yi nauyi, ni kuma kowa zai gan ni a sahu. Wato lokacin da liman ke huɗuba, ina zaune kusa da Malam Ilu, kafaɗarmu na taɓa juna, aikinsa na shekara talatin yana fita ta taga.

Ba a yi wata uku ba wani babban mai saye ya turo wa Alhaji guntun fata, ya ce ga irin janku na samu a Sharada da rahusa. Aka kira Malam Ilu ya duba. Ya ɗaga ta a rana ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan nawa ne." Mutum biyu ne suka san haɗin. Hajiya ba ta da kowa a Sharada. Malam Ilu kuwa mijin 'yarsa leburan wani kamfani ne a can. Ba ma kamfanin su Nafi'u ba ne, amma babu wanda ya tsaya bambancewa. Alhaji ya ce ya je gida ya zauna har a gama bincike.

Ina wajen ranar da ya fita. Shekara da shekaru masu gadi ba sa taɓa jakar Malam Ilu, gaisuwa kawai suke yi ya wuce. Ranar an ba su umarni. Mai gadin, wani Buzu da ya san shi tun zuwansa Kano, ya kasa haɗa ido da shi. Malam Ilu ya buɗe jakar da kansa a gaban ma'aikata: kwanon abinci, carbi, tsohuwar hula, goro a ganye. Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya tafi.

Da ma'aikata suka shirya zuwa yi masa jaje a gidansa a Zawaciki, na bi su, don na ji tsoron kar rashin zuwana ya zama abin lura. Ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa da fura. Ya rame. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne a unguwa an daina ba shi ajiya, kuma 'yarsa ta daina fita. Da za mu tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan Malam, kai da ka san na'urorin nan, in ka ga wani abu da zai wanke ni, don Allah ka duba." Na ce, "In sha Allahu, Malam." Na sha furarsa har ƙasan kofi.

Aikin da Nafi'u ya yi mini alkawari bai zo ba. Kullum sai ya ce manaja ya yi tafiya.

Abin da ya tona ni, ba don ni aka kawo shi ba. Intanet ɗin kamfanin yakan ɗauke, sai Hajiya ta riƙa haɗa kwamfutar da datar wayarta, datar kuma tana ƙarewa ba ta san inda take zuwa ba. Wata ƙawarta da ke aiki a Bompai ta ba ta labarin wata irin manhaja da ake kira fayawol. Wata Talata ta tambaye ni.

Bari in yi bayani yadda na fahimta, masana su gyara mini. Manhajojin da ke cikin kwamfuta da yawansu suna magana da waje ba tare da mai kwamfutar ya sani ba. Wasu sabuntawa suke nema, wasu talla suke jawowa, wasu kuwa labarin mai kwamfutar suke kai wa iyayen gidansu. Yawancin kariyar da mutane suka sani tana tsaron abin da zai shigo ne. Wannan irin fayawol ɗin a ƙofar fita take tsayawa. Duk manhajar da ta nemi fita, sai ta tare ta, ta fito da ɗan akwati a fuskar kwamfuta: ga sunan mai son fita, ga inda za shi, a bari ko a hana? Mutum zai iya cewa har abada, ko ya ce wannan karon kawai. Tana kuma ajiye tarihin duk wanda ya ƙwanƙwasa.

Da ta tambaye ni, sai na nemi kauce wa zancen. Na ce, "Hajiya, ai akwai kariya a kwamfutarku. Ba lallai ba ne. Kuma zai dame ku da tambaya."

Ta ce, "Ni tambaya ba ta damuna. Injiniya, a bakin ƙofar kamfanin nan wa ake caje wa, mai shiga ko mai fita?"

Na ce mai fita.

"To ni kwamfutata mai shiga kawai ake caje wa. Ka ga akwai gyara."

Na ce zan bincika mata mai kyau. Na yi niyyar in ja lokaci har ta manta. Ashe washegari, ranar da ba na zuwa, ta zauna ta karanta bayanin ta sa abinta da kanta. Ban sani ba. Mako biyu Nafi'u yana kirana yana cewa babu abin da ya iso, na ce wataƙila intanet ne.

Juma'a ta uku, ƙarfe ɗaya, na naɗe hannun riga zan yi alwala, ta leƙo ta ce, "Injiniya, zo ka duba mini wani abu. Akwai masallacin da ke tayarwa ƙarfe biyu, za ka samu."

Na shiga. Injuna suka yi shiru, muryoyin maza suka yi nisa. Ta ba ni kujerarta, ta jawo wata ta zauna a gefe, ga dardumarta a ninke a kan tebur. Ta riƙa ba ni labarin mai gadinta, haka take kiran manhajar. Ta ce kwana biyun farko ya yi ta tambaya kamar yaro ɗan shekara uku, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ta gane ta bari, wanda ba ta gane ba ta nemi bayaninsa. Ta ce har manhajar lissafi ta kama tana son fita, ta rasa wa za ta je gaisarwa. Na yi ƙoƙarin dariya. Idona na kan agogon da ke ƙasan kwamfutar.

Ƙarfe ɗaya da rabi daidai, akwatin ya fito. Ga sunan da na raɗa da hannuna, ga adireshin da na buɗe.

Ta ce, "Yawwa, ga shi. Wannan bawan Allah na lura ba ya zuwa masallaci."

Ta buɗe wani littafi, ta nuna mini inda ta rubuta rana da lokaci da adireshin, Juma'a biyu a jere. Ta ce da gangan take zaɓar hana na wannan karon kawai, don ta ga ko zai dawo.

"Ya ce shi na firinta ne. To ga firinta nan, da waya take haɗe, ina ganinta tana ganina. Me za ta je yi a waje? Kuma me ya sa sai lokacin huɗuba?"

Na ce, "Mai yiwuwa sabuntawa yake nema, Hajiya. Ban tabbata ba. Wani lokaci sukan yi haka."

"Ni ma na yi wannan tunanin. Amma sai na ce, wanda ya zaɓi lokacin nan namiji ne. Yana zaton in maza sun tafi masallaci kamfani ya zama kango. Shekarata tara ina sallar azahar a ɗakin nan ranar Juma'a, babu wanda ya taɓa tambayar ina nake."

Gaskiya ta faɗa. Na lissafa masu gadi, na lissafa direbobi, na lissafa har lokacin da mai shara ke wucewa. Ko sau ɗaya ban tuna Juma'a ba ta wajaba a kan mata ba, ni da na tashi a gidan malamai.

Ta turo mini linzamin kwamfutar. "Kai ne masani. In na firinta ne, danna a bari."

Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Na riƙe linzamin, na kai kibiyarsa kan akwatin. Ba ta kalle ni ba, akwatin take kallo. Na danna a hana.

Ta ce, "Na gode. Tashi kar ka rasa salla." Na kai bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Malam Ilu ya haura kwana arba'in a gida. Juma'a mai zuwa in an sauko zan kai wa Alhaji littafin nan. Na fi so ya ji daga bakin mai abin."

Ina so in ce daga nan na tuba, amma na yi alkawarin faɗin gaskiya. Ranar Talata na koma na ce mata ina ganin cuta ce ta shiga kwamfutar, ta ba ni in wanke ta gaba ɗaya. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Injiniya, kar ka sa in rage maka kwanaki." Na kira Nafi'u na gaya masa, ya ce zai kira ni, daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Na yi tunanin barin gari, har na tambayi kuɗin mota.

Ranar Laraba bayan la'asar, da ɗalibai suka watse, na zauna gaban mahaifina na faɗa masa komai. Bai katse ni ba. Ya daɗe yana kallon littafin da ke gabansa, sannan ya ce, "Mutumin da ke zaune a gida, yana da iyali?"

Na ce yana da.

"To me kake jira har Juma'a?"

Da safe ya sa babbar rigarsa, muka hau adaidaita har Challawa. Bai roƙi Alhaji komai ba. Ya ce, "Ga ɗana, yana da magana," ya koma gefe ya zauna. Har yau ban san ko tuba ce ta kai ni ofishin nan ko tsoron littafin Hajiya ba. Wataƙila duka biyun ne. Allah ne mafi sani.

Alhaji ya kira 'yan sanda, kuma ban ga laifinsa ba, don ya rasa masu saye da ba su dawo ba. Nafi'u ya ce gaisuwar makaranta kawai ke tsakaninmu. Adireshin kuwa da lambar wayata na buɗe shi, don a lokacin na ji tsoron in na ba wani ya buɗe zai san sirrina. Taka-tsantsan ɗina ne ya ɗaure ni. A kotu Hajiya ta ba da shaida da littafinta da tarihin da manhajar ta ajiye. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Da lauya ya so ta ce ni mugu ne tun asali, ta ce, "Abin da na gani na rubuta. Na kuma ga ya danna a hana da hannunsa, a rubuta wannan ma." An yanke mini shekara biyu.

Ba zan ja labarin gidan yari ba. Akwai cunkoso, akwai ƙaiƙayi, akwai abincin da sai ka rufe ido. Amma abin da ya fi mini ciwo ranar Juma'a ne. Duk lokacin da aka fara huɗuba sai in tuna ƙarfe ɗaya da rabi. Mahaifina bai fasa zuwa dubiya ba ko sau ɗaya, kuma bai taɓa ɗaga maganar ba. Mahaifiyata ce ta gaya mini wasu ɗalibansa sun daina zuwa.

A can na yi ta tunanin manhajar nan mai gadin kwamfutar Hajiya, kuma abin mamaki, ban taɓa jin haushinta ba. Na karanta kwamfuta shekara huɗu, amma ban taɓa ganin aiki mai tsabta kamar nata ba. Ba ta san ni ba, ba ta zarge ni ba, ba ta duba wane ne ke da suruki a Sharada ba. Tambaya ɗaya ta yi: wannan yana son fita, kin san shi? Sai dai tambaya ba ta da amfani in babu mai karantawa. Na san mutane da yawa da za su danna a bari don akwatin ya ba su wuri. Da a kwamfutar ɗayansu ne, da Malam Ilu ya mutu da sunan maci amana.

Da na fito, wurinsa na fara zuwa. An gaya mini tun ranar da na yi magana Alhaji ya je Zawaciki da kansa ya ba shi haƙuri, ya kuma tara ma'aikata ya wanke shi. Na jira shi a tsallaken titi lokacin tashi. Na ga ya fito, ya tsaya gaban mai gadi, ya buɗe jakarsa. Buzun yana cewa, "Haba Malam, don Allah ku wuce," shi kuwa sai da ya fito da kwano da carbi da hula ya nuna, sannan ya mayar. Wani lebura ya ce mini haka yake yi kullum tun da ya dawo, an yi an yi ya ƙi bari.

Na durƙusa a gabansa a bakin titi. Ya gane ni. Ya ce, "Ɗan Malam, an fito? Tashi, ƙasa da datti." Na nemi gafara. Ya ce, "Zaman gida na yafe tun ranar da aka wanke ni. Jan da ka kai musu ma na yafe, ai ba su iya riƙe shi ba da damina ta zo. Amma ranar da ka zo gidana ka sha furata, ka ce mini in sha Allahu, wannan sai da na shekara ina roƙon Allah kafin ta fita daga raina. Ta fita. Je ka." Ya ɓara goro ya miƙo mini. Ranar na ci.

Yanzu ina da ɗan teburin gyara a wani shago a Bompai. Duk wanda ya kawo kwamfuta, a gabansa nake buɗewa, in kuma zai tafi sai na roƙe shi ya sa wa muhimman fayilolinsa makulli. Wanda ya yarda, nakan sa masa irin mai gadin nan, in zauna in nuna masa yadda ake karanta akwatin. Watannin baya Hajiya Rabi ta aiko da kwamfutarta ta gida a sauya mata batir, da 'yar takarda a manne: "Injiniya, na bar mai gadina a kunne." Na rubuta a ƙasa, "Ku bar shi, Hajiya." Ban san ko ta yarda da ni ba ne ko gwada ni take yi, kuma ina ganin tana da haƙƙin kowanne.

'Yan'uwana matasa, musamman ku da kuka yi karatu kuke jiran aiki, ba ni da matsayin yi wa kowa wa'azi, amma ga abin da na sani. Kada ku buɗe abin da ba a ba ku don ku buɗe ba, ko da ba za ku yi komai da shi ba, don ni ma ban yi komai da shi ba sai da na yi. In wani ya nemi ku fitar masa da abu daga inda aka amince muku, komai ƙanƙantarsa, ku tsaya ku tambayi kanku ina za shi, kuma wa za a kama in ya ɓata. Kada ku ce launi ne kawai, ko suna ne kawai, ko fayil ne kawai. Akwai mutum a bayansa. In kuma kun riga kun yi, kuma wani yana zaune a gida saboda ku, kada ku jira Juma'a.

Ni na gama shekaruna biyu, an buɗe mini ƙofa na fito. Amma yau da yamma, in kun bi ta Challawa lokacin tashi, za ku ga wani dattijo da bai taɓa ɗaukar ko allura ba ya tsaya a bakin ƙofa yana buɗe jakarsa. Ni na sa shi.